Bashin ƙwallo ɗaya tsakanina da taubashina

Na fi shekara 25 a kan keken ɗinki a Garwa, amma har zuwa watan Disambar 2021 ban taɓa haɗa ƙyalle kore da fari da kore na ɗinka ba. An sha kawo min aikin, musamman idan gasar cin kofin Afirka ta gabato, sai in ce hannuna a cike yake, in nuna wa mutum shagon maƙwabcina. Tutar Kamaru kuwa, kore da ja da ruwan ɗorawa da tauraronta a tsakiya, ban san adadin da na ɗinka ba, wasu ma kyauta na raba wa yaran unguwa.

Wanda ya san gidanmu zai yi mamaki, domin Inna, mahaifiyata, 'yar Jimeta ce. Daga can aka ɗauko ta amarya aka kawo ta unguwar Hausare. Ruwan Binuwai da ke wucewa ƙarƙashin gadarmu shi ne yake gangarawa ya wuce ta bayan garinsu. Kafin Jamusawa da Ingilishi su ja layi a tsakani, Garwa da Yola ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa, kuma har gobe babu biki ko zaman makoki da za a yi a danginmu ba a tsallaka iyaka ba. Kawu, yayan Inna, yana da ɗa wanda ya girme ni da wata bakwai. Shi ne taubashina. Tun muna yara yake kirana ɗan mace, ni kuma ba na barin ta kwana, kuma ko kuɗin shara na watan cika-ciki ba mu taɓa yafe wa juna ba. A kan komai muna wasa mu yi dariya. Ƙwallo ce kaɗai wurin da wasan yakan ƙare da ɗaurewar fuska.

Abin ya samo asali ne tun watan Maris na 1984, ina ɗan shekara tara. Ba mu da tele a lokacin. Baba ya fito da rediyonsa tsakar gida, maza sun kewaye shi a kan tabarma, ana watso wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Kamaru da Najeriya daga Abijan da Faransanci. Inna ba ta jin Faransanci, saboda haka ni ne ɗan aike tsakanin tabarma da madafa. Da Muda Lawal ya fara jefa mana ƙwallo na ruga na gaya mata. Ta ajiye muciya ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai ta tuna gidan da take, ta haɗiye ta a rabi. Bayan nan na koma wurinta sau uku: Ndjeya, Abega, Ebongué. Aka tashi 3-1, Kamaru ta ɗauki kofinta na farko, gari ya ɗauki ihu har ƙasa tana rawa. Inna ta kwashe tuwo ta raba wa kowa, ba ta ce uffan ba. A daren nan na fahimci cewa murnar da nake yi tana da wanda take yi wa ciwo a cikin gidanmu, amma hakan bai rage min ita ba. Shekara huɗu bayan nan, a Kasablanka, Emmanuel Kundé ya ci su da fenariti, muka sake ɗauka. Mutanen Jimeta har yau suna zancen ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka aka hana.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa nake ɗaukar wasa da Najeriya da zafi haka, alhali idan Masar ko Senegal suka ci mu nakan kwana in tashi in manta. Amsar tana cikin shagona. Shaddar da nake yankawa daga Kantin Kwari ta Kano take zuwa. Zare da allura da man keke, duk ta iyaka suke shigowa. Man da ɗan acaɓa yake zuba wa mashin ɗinsa a kwalba a bakin titi, wanda muke kira zuwa-zuwa, nasu ne. Rediyon da muka tashi muna ji da dare na Kaduna ne, finafinan da matanmu ke kallo na Kano ne, wa'azin da ke tashi a wayoyin 'yan kasuwa yawancinsa daga can ne. Idan Naira ta faɗi ko ta tashi, a kasuwarmu ake fara ji. Duk inda ka juya su ne manya, mu ne ƙanana, kuma ba sa ɓoye cewa sun san da haka. Fili ɗaya ne tak muke shiga mu tsaya kafaɗa da kafaɗa da su, har mu fito muna kallonsu daga sama. Kofi biyar gare mu, su uku, kuma uku na farko cikin namu a hannunsu muka karɓe a wasan ƙarshe. Yaron da ya tashi a bakin iyaka ba ya wasa da irin wannan lissafi.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi wuyar faɗa. Bahaushen Kamaru yakan sha tambayar da sauran 'yan ƙasa ba sa sha. Na taɓa sauka daga jirgin ƙasa a kudu, aka ware ni daga cikin fasinjoji saboda hulata da harshena, aka juya katina gaba da baya ana tambayata daga wane gari na Najeriya na fito. A Garwa aka haife ni, a Garwa aka haifi Baba, garin da ya haifi Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar nan na farko. Ranar da Zakuna, ƙungiyar ƙwallon Kamaru, ke wasa babu mai tambayata kati. Ina ihu da muryar da kowa yake ihu da ita daga Kusiri har Duwala. Shi ya sa idan wani ya ce min, "Ai ku Hausawa 'yan Super Eagles ne a zuci," nakan ji kamar ya zare min tabarma ina zaune.

Sai 13 ga Fabrairun 2000. Wannan ita ce ranar da ta shiga tsakanina da taubashina ta zauna.

Na riga na buɗe shago a lokacin. Mun taru a gidan wani maƙwabcinmu da ya fito da tele ya ɗora a kan turmi, mun fi mutum 40, yara a gaba, dattawa a kan kujeru. Wasan ƙarshe ne, kuma a Legas, a gabansu, a filin Surulere. Eto'o, yana yaro ɗan shekara 18, ya fara ci. Minti kaɗan Mboma ya ƙara. Muka ce an gama. Dab da hutun rabin lokaci Raphael Chukwu ya rama ɗaya, ana dawowa kuma Okocha ya saki wata daga nesa wadda har yau idan na rufe ido ina ganin tafiyarta. Ba na son mutumin nan ya riƙe ƙwallo a gabanmu, amma ban taɓa iya kawar da ido daga ƙafarsa ba. Aka yi ƙarin lokaci babu ci, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Golanmu a ranar Alioum Boukar ne, ɗan Kusiri, ɗan arewa irinmu. Da ya tare bugun Kanu, wani dattijo da ke gefena ya miƙe yana kabbara, carbinsa ya tsinke, yara suka bi 'ya'yan a ƙasa. Sai Victor Ikpeba ya zo. Ya buga, ƙwallon ta daki turken sama ta sauko ƙasa ta fito. Ikpeba ya ɗora hannu biyu a ka. Alƙalin wasa, Mourad Daami ɗan Tunisiya, ya ce ba ta shiga ba. Foé namu, Allah ya sa ya huta, ya ɓarar da tasa, Rigobert Song ya zo ya buga ta ƙarshe ta zauna a raga, 4-3. Kofi na uku, wanda ya zama namu ɗungurungum.

Amma kafin Song ya buga, an maimaita bugun Ikpeba a hankali. Na gani da idona. Ƙwallon ta sauka a bayan layi, ba a kansa ba, da tazarar da ko makaho zai lalubo. Tsakar gidan ta yi tsit na ɗan lokaci, kowa ya kalli ɗan'uwansa, sannan wani ya ce, "Alƙali ya riga ya yanke." Muka kama wannan magana muka riƙe.

Babu wayar hannu a wurinmu a lokacin. Bayan kwana biyar wani direban da ke jigila ta hanyar Demsa ya kawo min takarda a ninke. Layi ɗaya ne a ciki, da rubutun taubashina: "Ɗan mace, ka ji tsoron Allah, ta shiga ko ba ta shiga ba?" Na juya bayan takardar na rubuta, "Tambayi mai bugun, me ya sa ya ɗora hannu a ka?" na mayar wa direban.

Shekara 22 muna kan wannan. A bikin ƙanwarsa ya tambaye ni, a sunan ɗana na fari ya tambaye ni, da waya ta zo ya riƙa turo min hoton bugun duk ranar 13 ga Fabrairu. Amsata ba ta canza ba. Ba ƙarya nake shirgawa kai tsaye ba, kewaye nake yi, amma na san a wurin Allah kewayen da aka yi don a ɓoye gaskiya ba shi da nisa da ƙarya. Abin da ya hana ni faɗa shi ne ina ganin idan na ba shi wannan ƙwallo ɗaya, na ba shi kofin gaba ɗaya, da daren, da kabbarar dattijon nan.

Su ma sun samu ranakunsu. A 2004 a Tunisiya, Okocha da bugun tazara da John Utaka suka fitar da mu. A farkon Satumbar 2017, lokacin babbar Sallah, muna riƙe da kofin Afirka da Vincent Aboubakar ya ciyo mana a hannun Masar wata bakwai kafin nan, muka je Uyo aka zuba mana 4-0. Naman layya bai yi min daɗi ba a shekarar. A 2019 a Iskandariyya muna gaba da 2-1 suka juya wasan ya koma 3-2. Duk ranar da irin wannan ta faru wayata ba ta hutawa, kuma ina ɗauka, domin wanda ya iya kira ranar daɗinsa dole ya iya amsawa ranar ɗaci.

Da aka raba rukunonin gasar da Kamaru ta karɓi baƙunci, sai ga Najeriya an jefo ta Garwa tare da Masar da Sudan da Gini Bisau. Zakunanmu kuwa suna Yawunde, ba za su taka filinmu na Rumde Ajiya ko sau ɗaya ba. An gyara mana filin da aka gina tun 1978, an shimfiɗa ciyawa, an gyara tituna da fitilu, sannan aka ce ga baƙinku. Raina ya ɓaci da farko. Inna ce ta sauke ni. Ta tsufa, ba ta fita sai da dalili, amma da ta ji labari ta sa aka share ɗakin zaure, aka sayo sababbin tabarmi. Ta ce, "'Yan'uwana ne za su zo garin mijina. Kada ka ba ni kunya." A watan Disamba wani yaro ya shigo shago da yadi biyu kore da ɗaya fari. Na karɓa na auna na yanka. Kafin a fara gasar ni da yarana mun ɗinka fiye da yadda muka taɓa ɗinka tutar kowace ƙasa a wata ɗaya.

Taubashina ya iso da abokansa uku ana saura kwana biyu, cikin hazon hunturu, fuskokinsu fari fat da ƙura. Muka yi layin rigakafin korona da gwaji tare, domin sai da su ake shiga. Ranar 11 ga Janairun 2022 na zauna kusa da shi a Rumde Ajiya, karo na farko a rayuwarmu da muka kalli wasa muna fuskantar gefe ɗaya. Ban sha wahalar zaɓa ba, saboda mutanen Garwa suna da tsohon ciwo da Masar: a wannan filin ne a 2008 Al Ahly ta ɗaga kofin zakarun Afirka a gaban Coton Sport ɗinmu, bayan an tashi 2-2 alhali sun ci mu 2-0 a Alƙahira. Ina wurin a ranar, na koma gida a ƙasa ban san na yi tafiyar ba. To ga Mohamed Salah da kansa a gabanmu, ga Moses Simon yana wasa da mai tsaron bayansu ta gefen hagu kamar kyanwa da ɓera. Da Iheanacho ya juya ya ɗaɗa ta a saman raga wajen minti na 30, sai na tsinci kaina a tsaye, hannuna a wuyan taubashina, ina ihu da Hausa, na bayana yana yi da Fillanci, na gabana da Faransanci.

Suka ci Sudan 3-1, suka ci Gini Bisau 2-0, Sadiq Umar ɗan Kaduna ya buɗe ragar a ranar. Wasa uku, nasara uku, babu wata ƙasa da ta yi haka a rukuni. Garwa ta zama tasu. 'Yan acaɓa sun ɗaura tutar a madubi, masu gasa kifi a bakin gada suna karɓar Naira, yara suna kiran sunan Ahmed Musa duk inda motar 'yan wasa ta gifta, don sun ji kyaftin ɗin yana magana da harshen da ake yi musu faɗa da shi a gida. Kowane dare baƙina suna dawowa su tarar da tuwo da miyar kuka, Inna ta sa a kira mata ɗan yayanta ya zauna a bakin gadonta ya ba ta labarin wasan tun daga farko. Ni kuma a cikin raina ina lissafi: idan suka ci gaba a haka, kuma muka ci gaba, wata rana za a haɗu. Na san sarai inda zan tsaya ranar. Ko daƙiƙa ɗaya ban yi fatan su ɗauki kofi a ƙasarmu ba. Abin da nake so shi ne su yi nisa, su yi kyau, kada kowa ya taɓa su, sai mu.

Tunisiya ce ta taɓa su, ranar Lahadi 23 ga wata, da dare. Ƙungiyar da korona ta kwantar mata da 'yan wasa da dama, har kocinsu bai samu zama a benci ba. Sun toshe gefen Simon da mutum biyu, wani lokaci uku. Ana dawowa daga hutu Youssef Msakni ya buga daga wajen da'ira, Maduka Okoye ya taɓa ta amma ta wuce. Iwobi ya shigo, bai yi minti goma ba aka ba shi jan kati. A ƙarshen wasa Sadiq ya samu wata, ta bi gefen turke ta fita. Da aka hura tashi, filin da ya cika maƙil ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji a cikinsa ba tun ranar Al Ahly. Ɗana na biyu, wanda ya tashi yana jin ina cewa Najeriya ce abokiyar gabarmu, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Baba, hawaye kake yi?" Na ce masa eh.

Ba mu nemi abin hawa ba. Muka taka har wurin wani mai shayi, abokansa suka wuce gida, muka zauna mu biyu a benci. Tutar da na ɗinka masa tana naɗe a wuyansa saboda sanyi. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, "Tunisiya kuma. Wancan karon alƙalinsu, wannan karon 'yan wasansu." Na ji wani abu ya taso min daga ƙirji. Na ce, "Taubashi, maganar ƙwallon Ikpeba..."

Ya ɗaga min hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Kada ka soma. Ba yau ba. Shekara 22 ina binka bashin nan, ba za ka biya ni shi a matsayin sadaka ba don ka ga ina cikin baƙin ciki. Ka riƙe abinka. Ranar da muka ci ku, ina tsaye da ƙafata, ranar zan karɓa."

Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Tausayi ne ya buɗe min baki, ba tsoron Allah ba, kuma ya gane.

Washegari da dare muna kallon wasanmu da Komoros labari ya zo cewa an yi turmutsutsu a ƙofar filin Olembe na Yawunde, mutum takwas sun rasu. Shi ne ya fara kashe sautin tele ya ɗaga hannu muka yi musu addu'a. Da safe suka kama hanyar iyaka. Mu ma ba mu kai ba, Masar ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe da fenariti, kuma bai kira ni ba a daren, sai bayan kwana biyu ya kira ya tambayi jikin Inna.

Shekara biyu bayan nan, 27 ga Janairun 2024, aka haɗa mu a zagaye na biyu a Abijan, a filin da muka ci su a 1984. Kocinmu a daren Rigobert Song ne, mutumin da ya buga ta ƙarshe a Legas. Na kalli wasan a gida, ban gayyaci kowa ba. Osimhen ya ƙwace ƙwallo a ƙafar ɗan bayanmu ya miƙa wa Lookman, ta shiga. Muka yi ta kai kora babu haƙori. Aka sako Aboubakar, ɗan Coton Sport ɗinmu, yana fama da rauni, bai samu abin da zai yi ba. Dab da tashi Lookman ya ƙara ta biyu. Ciwon da na ji a daren bai ragu da komai ba don na taɓa ɗinka tutarsu. Ya zo min cikakke, kamar na Uyo.

Dare ya raba lokacin da wayar ta yi ƙara. Ina jin hayaniyar Jimeta a bayansa, ana ta hon ana buga galan. Ya matsa wani wuri mai shiru. Bai yi dariya ba, bai tsokane ni ba.

Ya ce, "Ɗan mace."

Na ce, "Na'am."

"Ina saurare."

Na ce, "Ta shiga. Ta daki turke ta sauka a bayan layi. Na gani tun a daren, kowa a tsakar gidan ya gani."

Na ji ya ja dogon numfashi ya sauke. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Can kuma ya ce, "Kofin dai naku ne, ban ce ka dawo da shi ba. Gwaggo ta yi barci?"

Na leƙa tsakar gida, fitilar ɗakinta a kunne. Na taka na yi sallama na miƙa mata wayar. Ta karɓa da hannu biyu ta kanga a kunne, ta ce, "Ɗan gidan Yaya, nawa da nawa?" Ban ji abin da ya ce mata ba. Na dai ga ta ajiye carbi a kan filo, ta kai hannu ta kama hanci.